Limancin Kan Ciyawa

Autanmu ya daina salla tun yana Kano, amma sai da ya yi watanni yana kwana a falona a unguwar Al Satwa, nan Dubai, kafin ya iya buɗe baki ya gaya min. Ni kuma ba makauniya ba ce. Ina ganin dardumar da na ba shi a ninke a kan firji, yadda na ajiye ta haka nake tarar da ita. Na ɗauka lalaci ne irin na samarin yanzu, sai na riƙa yi masa faɗa kamar yadda na saba tun yana goye a bayana. Ranar da ya gaji da faɗan ina tsaye ina yanka albasa, ya ce da ni ba lalaci ba ne. Ya ce ya duba zuciyarsa ya ga babu komai a wurin, bai yarda akwai wanda ake yi wa sallar ba, kuma ya gaji da kai goshi ƙasa don idon mutane.

Na yi salati, na zage shi, na yi kuka. Na ce aljanu ne, na ce boko ne ya yi masa yawa, na ce wayar nan ce da ba ta barin hannunsa. Ya zauna ya saurare ni tsaf, da na gama sai ya tashi ya ƙarasa min yankan albasar. Wallahi wannan ya fi komai ba ni haushi. Da rashin kunya ya yi min da na san ta inda zan kama shi.

Abin da ya sa maganar ta fi ƙarfina shi ne wanda ya faɗe ta. A gidanmu Auta ne mahaddaci. Tun bai fara gemu ba ya haddace Alƙur'ani, kuma Allah ya ba shi murya mai sa tsofaffi kuka. Babanmu ya rasu da daɗewa, ni kuma aurena ya mutu na taho Dubai ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, saboda haka Umma ba ta da abin alfahari a unguwa da ya wuce yaron nan. Ranar da ya samu aikin kwamfuta a nan, ta ce da ni ta huta, yanzu na samu mai tashina sallar asuba. Umma tana da hawan jini da ciwon zuciya, ni nake aika mata magungunanta, na san abin da zuciyar nan za ta iya ɗauka da wanda ba za ta iya ba. Wannan labari ba za ta iya ba.

To, a kan wannan kaɗai muka daidaita da shi. Na ce ban yafe ba, ban yarda ba, kuma ba zan daina yi masa addu'a ba ko yana so ko ba ya so, amma Umma ba za ta ji ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ya ce ya yarda. Sai dai ya kafa min nasa sharaɗin, cewa zai yi shiru, amma ba zai ƙara tsayawa cikin sahu yana sallar ƙarya ba.

Shirun nasa a waje ne, a cikin gida kuwa bakinsa ba ya hutawa. Babu abin da ya fi ɗaga masa hankali kamar ibada a wurin jama'a. In muka shiga babban kanti aka katse kiɗa aka sa kiran salla, sai ya kalle ni ta gefen ido. Ranar Juma'a in ya bi ta unguwar Al Rigga ya ga masallaci ya cika sahu ya zubo har bakin titi, 'yan kasuwa kowa da kwalin da ya yago daga shago ya shimfiɗa, sai ya dawo da lacca. Wai titi na kowa ne, da Bahindiye da Kirista ɗan Filifin da wanda bai yarda da komai ba duk da guminsu aka gina shi, don me mutum zai tare hanya da ibadarsa? Na ce a kantin nan da kake ƙorafi ai har bishiyar Kirsimeti suna kafawa ta kai rufi, ban taɓa jin ka ce uffan ba. Ya ce ita ma a tuge ta, kowa ya kai nasa ɗakinsa.

Na ce da shi so yake duniya ta koma kamar ɗakin tiyata, ba ƙamshi ba wari. Na ce in wuri na kowa ne, to ni ma ina cikin kowa, kuma ni ba na cire addinina in rataye a ƙofa kamar mayafi. Ya ce ya taɓa ganin mota ɗauke da marar lafiya ta maƙale a Kano saboda an rufe titi ana Juma'a, mutanen ciki suna kuka ba wanda ya motsa. Wannan kam ta taɓa ni, don na san me 'yan mintoci ke nufi ga marar lafiya. Sai na ce ya rage murya, bangon nan katako ne, kuma ƙasar nan ba a wasa da maganar addini.

Ba hukuma nake tsoro ba kamar mutanenmu. Akwai wata Hajiya mai fataucin gwal, gidanta a Kano layi ɗaya da na Umma, ita ce ke kai min saƙon magani duk sanda za ta koma. Mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa karɓar ko sisina ba, amma abin da ya shiga kunnenta a kasuwar Deira ta nan Dubai da safe, kafin dare ya zaga unguwarmu ta Kano. Ita ta fara tambayata ina ƙanen nan nawa yake Juma'a, don mutanen kago, masu harkar aika kaya gida, sun ce ba su taɓa ganinsa a masallacin da Hausawa ke haɗuwa ba. Na ce wurin aikinsa nesa ne, can yake yi. Ta ce ai Umma ta cika mata kunne da labarin muryarsa, kowa ya ƙosa ya ji, har ana cewa in azumi ya zo shi zai ja musu asham. Na yi dariya na ce Allah ya kai mu.

Da sanyi ya shigo, watannin nan da mutum zai iya zama a waje ba tare da ya narke ba, sai mutanenmu suka shirya fita shan iska a wani lambun gwamnati mai wurin gasa nama. Wani dattijo ne ya ɗauki nauyi, Alhajin da ya fi kowa daɗewa a harkar kago a Al Rigga, wanda kowa ke kira Baba Alhaji. Rago guda ya saya. Na ce da Auta wannan karon dole ya fito a gan shi, don ɓuyan nasa ne ke jawo magana. Ya yi ta zillewa, na yi ta naci, a ƙarshe ya ce zai je amma bayan la'asar, kuma mu bar wurin kafin magariba. Na ce khalas, an gama. Na goge masa farar shadda, na ɗora masa hula da hannuna, ya fito kamar ango.

Lissafin ya yi kyau, gawayi ne ya ɓata shi. Samarin da aka ba gashin sun sayo wani gawayi mai taurin kai da ya ƙi kamawa, suka yi ta fifita da kwali, hayaƙi ya cika wa kowa ido, nama kuwa ɗanye shar. A wurinmu ba a tashi daga walimar dattijo kafin a raba nama, wanda ya yi haka kamar ya ce abincin bai kai ba ne. Ni kuma mata sun tsare ni a kan tabarma, don duk inda ma'aikaciyar jinya ta zauna ya zama asibiti, wannan gwiwa, wannan jiri, wannan ta ciro kwalin magani daga jaka in karanta mata. Ina hango Auta cikin maza yana nuna min agogo, ina yi masa alama da hannu shwaiya shwaiya, wato ya ɗan yi haƙuri. Ban ankara ba sai jin kiran salla na yi daga masallacin da ke bayan katangar lambun.

Akwai ɗakin salla a lambun, amma can ƙarshe yake, kuma wani ya dawo ya ce ya cika maƙil har waje. Baba Alhaji ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi ba, a yi a nan. Nan da nan maza suka hau alwala da ruwan gora a gindin bishiyoyi, aka kakkaɓe tabarmin da aka ci abinci a kai aka jera. Na miƙe ina neman takalmina in ja yaron nan mu sulale, ko banɗaki ne ya shige har a idar.

Sai halinsa ya tashi. Wata hanya ce ta ratsa ta wurin, irin wadda ake shimfiɗa wa masu gudu da masu tura keken jarirai, kuma samarin sun jera tabarmin gaba a kanta sun tare ta gaba ɗaya. Wata Baturiya ta zo da keken jaririnta ta tsaya tana neman ta inda za ta bi. Maimakon Auta ya kama gabansa, sai ya tafi ya sunkuya ya fara janye tabarmin zuwa kan ciyawa, yana cewa a matsa baya kaɗan, hanyar ta mutane ce. Ba wanda ya yi musu, har suna cewa gaskiya ne Malam. Ya janye ta farko, ya janye ta biyu, ya ɗauki ƙaramar dardumar da aka ajiye wa liman ya kawo gaban sahu ya shimfiɗa. Yana ɗagowa ya ga maza sun riga sun jeru a bayansa, shi kaɗai ne a gaba da farar shadda.

Wani ya ce, "Bismillah, Malam."

Wanda bai san mu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurinmu ba a karɓar limanci da tayin farko. Mai tarbiyya sai ya ja da baya ya ce akwai manya, a jawo shi, ya noƙe, a tura shi, ya sake noƙewa, sai an yi kamar za a yi kokawa sannan ya shige gaba yana sunkuyar da kai. Wanda ya yi wuf ya shige tun farko, shi ake yi wa kallon marar kunya. Saboda haka duk ƙin da Auta ya yi, ƙara masa daraja yake yi a idonsu.

Ya ce akwai manya, suka ce manyan ne suka ba shi. Ya ce ba shi da alwala, kafin ya rufe baki an miƙo masa gorar ruwa har biyu. Ya ce maƙogwaronsa ba daɗi, hayaƙin nan ya shige shi, wani ya ce ko raɗa ya yi sun gode. Ya yi baya zai fita ta gefe, wani ƙato mai sayar da kayan gyaran mota ya tare shi da ƙirji yana dariya. Baba Alhaji da kansa ya tako da sandarsa ya kama shi a wuyan hannu, ya ce yau shekara nawa yana jan mutanen nan da ƙananan surori, Allah ya kawo musu mahaddaci kuma ya ce zai gudu?

Ni ina baya cikin mata, ƙafata ɗaya a takalmi. Hajiyar gwal tana gefena tana cewa ku tura shi, kunya ce, haka ubansa yake. Sai na ga ta zaro wayarta ta ɗaga sama ta fara ɗauka. Ta ce wannan tsarabar Umma ce, gobe za ta tashi, za ta kai mata ta gani da idonta.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, ko a ɗakin haihuwa. Na san yaron nan. In aka matse shi ya rasa hanya, laccar nan tasa ta cikin falo ce za ta fito, da wurin kowa da titin kowa da babu kowa a sama, a gaban mutum sama da talatin da waya a ɗage. In kuma ya ji tsoro ya shige gaba, to ya ja bayin Allah sallar da shi bai yarda da ita ba, ni kuma na bi su ina sane. Duk biyun na gan su a fili, kuma zuciyata ta zaɓa ba tare da ta shawarce ni ba. Cewa nake a raina, shige ka yi, Auta, don Allah shige ka yi, in ya so ni na rama tawa a gida.

Bai shige ba. Ya tsaya cak ya daina ja da baya. Ya ɗaga ɗaya hannun nasa ya dafa kafaɗar Baba Alhaji, ya sunkuya ya kai bakinsa kunnen tsohon. Daga inda nake ba na jin komai, sai fuskar Baba Alhaji nake gani. Murmushin bai ɓace gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa raguwa. Ya ɗago ya kalli yaron, ya daɗe yana kallonsa, har mutane suka fara gyaran murya. Sannan ya saki wuyan hannunsa.

"Ya faɗa min uzurinsa," in ji shi. Ya miƙa wa na kusa sandarsa, ya hau dardumar. "Kai kuma je ka duba naman nan kar ya ƙone. Ku daidaita sahu."

Na yi sallar nan, amma kar a tambaye ni me aka karanta. Abin da na riƙe kawai shi ne muryar Baba Alhaji tana rawa, kuma ya daɗe a sujjadar ƙarshe fiye da yadda ya saba. Da muka sallame na waiga na hango Auta can wurin wuta shi kaɗai, ya naɗe hannun riga yana juya nama, hayaƙi na bin farar shaddar da na sha wahalar gogewa.

Samarin kuwa sun riga sun yanke wa kansu hukuncin uzurin. Saurayi ba aure, ya yi raɗa a kunnen dattijo, ya ƙi alwala da ruwan gora, ai ba sai an faɗa ba, wanka ne a kansa. Suka yi ta tsokanarsa suna dukan bayansa, wai Malam a riƙa kwana da addu'a, wai Yaya ta nemo masa mata tun wuri. Ya yi ta murmushi bai ce eh ba bai ce a'a ba. Baba Alhaji bai ci naman ragonsa ba. Ya ce gwiwa ta matsa masa, aka kai shi mota, bai kalli inda muke ba.

A jirgin ƙasa muna komawa na tambaye shi me ya ce wa tsohon. Ya ce gaskiya ya faɗa masa.

"Na ce, Baba, kar ku bi ni, sallarku za ta lalace. Na daina, ban yarda da komai ba yanzu. Mahaifiyata ba ta sani ba."

Da ba don mutane ba da na kwaɗa masa mari a wurin. Na ce duk uzurin duniya ka rasa sai wannan? Ka ce cikinka ya ɓaci mana, ka ce jiri kake ji, ka faɗi ƙasa in zo in ɗauke ka, aikina ne. Ya ce ya gwada ƙananan ƙarairayin ai ina gani, ba su yi aiki ba, kuma tsohon ya riƙe shi da hannu yana kallonsa kamar ɗansa, ya kasa. Na ce to ka kashe Umma, ka huta. 

Washegari da na tashi daga aiki ban nufi gida ba, Al Rigga na wuce. Shagon Baba Alhaji cike yake da kwalaye an ɗaure da tef an rubuta sunayen masu su, ga mata 'yan sari suna ciniki a kan kilo. Yana ganina ya ce kowa ya ba shi wuri. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe baki zan fara roƙo sai kuka ya riga ni. Ya bar ni na yi mai isata. Da na lafa sai ya tambaye ni tun yaushe na sani, na gaya masa. Ya tambayi jikin Umma, na gaya masa har sunayen magungunanta, ban san me ya sa ba.

Ya ce jiya bai runtsa ba. Ya ce a shekarunsa bai taɓa jin ɗan Musulmi ya faɗi wannan magana da bakinsa ba, kuma bai ji daɗi ba, ba zai ɓoye min ba, har yanzu in ya tuna sai ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya murza carbinsa.

"Amma da ya so, da ya ja mu, mu yi ta kuka a bayansa muna cewa masha Allah. Bai yi ba. Ya tsare mana sallarmu." Ya goge ido da bakin rawaninsa. "'Yata, ko matata ba za ta ji ba. Ba da bakina za a kashe tsohuwa ba."

Na yi ta godiya har ya gaji ya ce in tashi. Sai dai ya ƙara da cewa shi nasa bakin kaɗai ya iya riƙewa. Hajiyar gwal tana wurin, wayarta a ɗage, bai san me ta ɗauka ba, bai san ko wani na kusa ya tsinci wata kalma ba. Kuma ta riga ta wuce filin jirgi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi aiki ba. Duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Na kira Umma sau biyu ban samu ba, na ce shi ke nan, tana asibiti. A gida ni da Auta ba ma magana sai ta dole, in na dafa in ajiye masa, in ya wanke kwano ya kife. Ya rame a 'yan kwanakin nan, na gani, amma ban tausaya masa ba.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki sai ga kiran Umma. Na tsaya ina kallon wayar hannuna duk kumfa. Auta ya fito daga falo ya tsaya a bakin ƙofa. Na goge hannu a zani na ɗauka, na sa yadda shi ma zai ji.

Kuka take yi. Na dafa injin wankin. Ta ce Hajiya ta zo jiya, ta nuna mata komai, ta kalla ta sake kalla har cajin wayar ya ƙare. Na ce Umma ki yi haƙuri, ki saurare ni. Ta ce haƙurin me? Ta ce ta ga yadda manyan mutane masu kuɗi suka taru a ƙasar Larabawa suna jan ɗanta ya yi musu limanci, ta ga yadda ya ƙi, ta ga yadda ya sunkuya ya yi wa dattijo magana a kunne don kar ya kunyata shi a gaban jama'a, ya ba shi gaba, shi kuma ya koma yana yi wa mutane hidimar nama. Ta ce haka babanmu yake, bai taɓa shiga gaban wanda ya girme shi ba. Ta ce duk matan layin sun gani. Ta ce yau ko maganin ba ta ji tana bukata ba, na ce a'a Umma, ki sha maganinki.

Na zame na zauna a ƙasa cikin ruwan wanki, ina dariya ina hawaye, ina cewa alhamdulillahi a raina ba adadi. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda tun ranar albasar nan yake wurin. Na san ba a kan gaskiya farin cikin nata ya tsaya ba, na sani sarai, kuma a lokacin ban damu ba ko kaɗan. Umma tana da rai, tana dariya, muryarta da ƙarfi.

Sai ta ce in ba ta Autanta.

Na miƙa masa wayar. Ya karɓa da hannu biyu ya durƙusa a kan tayil ɗin da ya jiƙe, kamar tana gabansa. Umma ta fara sa masa albarka, irin doguwar nan tata da ba ta ƙarewa, Allah ya ƙara masa ilimi, Allah ya tsare masa imaninsa, Allah ya sa shi zai yi mata salla ranar da ta mutu. Na zuba masa ido ina jiran in ga abin da zai yi. Ya runtse ido.

"Amin, Umma," ya ce. "Amin."

Haka ya yi ta amsawa har ta gama.